Kada a Juya Shi

Ranar Talata, sha takwas ga watan Nuwamba, gab da faɗuwar rana, Allah ya karɓi ran Clarence Hanrahan a wani asibiti a birnin Darwin, yana da shekara saba'in da ɗaya. Wanda ya ba da ran shi ya karɓi abinsa, kuma dukanmu can muka dosa. Mutanen garinmu Katherine sun san shi da Clarrie mai kadoji. A wurina kuwa mijin yayata Irini ne, kuma shi kaɗai ne namijin da na taɓa kira Yaya a duniyar nan.

Yaya Clarrie, an ce in tashi in yi magana a coci ranar jana'izarka, na kasa. Ni da nake tsayawa gaban ma'aikata in yi musu tsawa ba lasifika, ranar nan harshena ya ƙi ni. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ka san karatuna bai yi nisa ba, daga aji uku na sakandare na ajiye jaka na ɗauki shebur. Idan ka ga karkata a rubutun nan, ka bar shi yadda ka same shi, kamar yadda ka saba.

Aikina na farko kai ka ba ni. Lokacin kana neman auren Irini, an ɗauke ka aiki a ƙaramin gidan namun dajin da ke kudu da gari, ana so a zuba wa kadojin rafi tafkin siminti. Ba wanda zai ba yaro ɗan baƙin Girka irin wannan aiki, kai ka je ka tsaya mini. Ka zauna a kan bokiti kana shan shayi, ina auna ƙasa da igiya, ba ka ce mini yi kaza ko bar kaza ba har na gama. Tafkin nan yana nan har yau, bai taɓa yoyo ba. Daga shi na tashi, babu gadon kowa, babu takardar kowa, har motocin siminti masu sunana suka cika hanyar Darwin zuwa Alice Springs. Amma ko gaban wa ka gabatar da ni, abu ɗaya kake cewa, wai ga Ɗan'auta, yaron da ya zuba maka tafki. Na sha yin fushi da wannan. Yau da zan ji shi sau ɗaya, da na yafe motocin.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan namun dajin nan ya san halin baƙi. Tun daga ƙofa suke tambayar ina babban yake. Kadan ruwan gishiri suke nufi, mai tsawon kwalekwale, wanda ke zabura daga ruwa ya cafke kaza a kan sanda, mata su yi ihu, maza su ɗaga waya. Hanyar zuwa wurinsa ta gefen tafkinka ta bi, sai su wuce naka kadojin ko waiwaye babu. Kadojin rafi ne, ƙanana, masu siririn baki kamar almakashin tela, suna kwance a kan yashi ba motsi. Wani ya ce na roba ne. Wani ya ɗauki tsakuwa ya jefa don ya gwada.

Ban taɓa jin ka ɗaga wa mai jifa murya ba. Sai ka jingina da manjagararka, ka ce masa ya tsaya tare da kai iyakar lokacin da askirim ɗin hannunsa zai narke. Ka nuna masa maƙogwaron da ke ɗagawa yana sauka, da yanar da ke ratsa ido ta koma, da yadda suke buɗe baki su sha iska idan rana ta yi zafi. Idan an yi sa'a wani abu ya firgita ɗaya, ya tashi da gudu zuwa ruwa yana sukuwa kamar kare, ƙafafu huɗu duk a sama, yara su fashe da dariya har da faɗuwa. Yaran da suka tsaya da kai a wancan lokaci, su ne suka cika bayan coci ranar jana'iza, da nasu 'ya'yan a kafaɗa.

Na taɓa ba masu gidan shawara a cike tafkinka a faɗaɗa shi, a kawo kadan gishiri na biyu, ni zan yi ginin. Har gobe ina nan a kan bakana cewa ta fuskar kasuwa ni ke da gaskiya. Da labari ya iso gare ka ba ka yi fushi ba. Muna gasa kifi a bayan gidanka ka juya kifin, ka ce, "Ɗan'auta, kowa na son ya ga abin da zai iya cinye shi. Waɗannan ba su cin kowa, shi ya sa sai an sami mai tsaya musu." Na ce maka da surutu ake biyan albashi da kai ne attajirin Katherine. Ka ce da attajirai na da hankali da ba a bar maka ni kaɗai a matsayin ƙanen matarka ba. Irini ta leƙo ta taga ta ce mu biyun duk mu rufe baki, kifi na ƙonewa.

Shekarar da kwaɗin rake suka iso mana daga gabas, ni na tuƙa maka kwalekwale muka shiga wani rafi da kake zuwa tun kana yaro. Kadan rafi bai san kwaɗo mai dafi ba, ya ga nama ya haɗiye, shi ke nan. Mun tarar da su a kan ruwa ciki sama, fari fat, lungu bayan lungu. Duk yinin nan hularka ka cire ka riƙe a hannu. A can ƙarshen rafin, a wani kududdufi, masu tsaron daji suka sami mace ɗaya da rai, suka kawo maka ita. Ka sa mata suna Dulcie. Ni na kewaye tafkin da kwano mai santsi don kada kwaɗo ya hau, ban karɓi ko sisi ba, kai kuma kullum da magariba kana zagaye da bokiti kana tsince waɗanda suka zo gindin shingen. Burinka ɗaya ne, kuma ba ka ɓoye wa kowa ba: ka ga 'ya'yan Dulcie, don kada jinin rafin nan ya ƙare a kanta.

A wurin tonon ƙwanta na koyi abin da ya sa nake wannan rubutu. Kowace shekara cikin rani takan haƙa rami a yashi ta zuba ƙwai ta rufe, kai kuma ka tone su ka kai ɗakin ɗumi, saboda guza da zafin rana. Ka durƙusa, ka share yashi da yatsa, kafin ka ɗaga ƙwai sai ka zaro guntun fensirin da ke maƙale a hularka ka ja ɗan layi a samansa. Ranar farko da na raka ka, na miƙa hannu na ɗauki ɗaya zan juya shi in ga ƙasansa. Marin da ka kai wa hannuna, ko mahaifina bai taɓa yi mini irinsa ba. Ka ce ƙwan kada ba na kaza ba ne. Ɗan da ke ciki yana manne wa saman ɓawo tun farkon kwanansa, idan aka juya sai gwaiduwa ta danne shi ya mutu, kuma daga waje ba za ka ga komai ba. Yadda ka same shi haka za ka ɗauke shi, haka za ka ajiye shi, layin fensir yana kallon sama.

Na ɗauka maganar ƙwai ce kawai, sai da Allah ya ɗauke muku Theo. Ɗanku ɗaya namiji, yana da shekara sha tara, babur ya kayar da shi a hanyar gona. Irini ta zauna a kujerar baranda tana kallon ƙofar gida, wata da watanni, ba ta magana, ba ta zuwa coci, abinci sai an matsa. Ni mutumin gyara ne, idan na ga abu ya lalace sai na kawo mota da ma'aikata. Na yanki tikitin jirgi in kai ta wurin dangi a Girka, na nemo likita a birnin Adelaide, na zo gidanka ina faɗa, na ce kana kallo yayata na narkewa ka naɗe hannu. Ka ja ni bayan gida, idonka ja wur, ka ce, "Ta manne ta wannan gefen, Manoli. Idan ka juya ta yanzu za ta nutse." Ranar ce kaɗai ka kira ni da sunana. Kai ma ɗanka ne ya mutu, amma kai ke dafa abinci, kai ke wanki, da yamma ka jawo kujera kusa da tata ka zauna kuna kallon ƙofar tare. Wata safiya da kanta ta tashi ta ɗora tukunya, ta ce gidan nan ya yi ƙura. Ban taɓa yi maka godiyar wannan ba, don mu ba ma irin wannan magana da juna. Ga ta nan yau.

Ƙwan Dulcie kuwa shekara da shekaru ba ya yin komai. Ka sa alama, ka jira, su ruɓe. Ka canza mata miji har sau nawa, kana cewa ta fi Irini zaɓe. Sai bana, bayan likitoci sun gaya maka ciwon daji ya kama huhunka kuma ya yi nisa, ta zuba ƙwai sha biyu a watan Agusta, tsakiyar raninmu a nan. Ka nace kai za ka tone su da hannunka. Na tsaya a bayanka da tsintsiya wai ina tare Dulcie, ka ce in ajiye, turaren da na fesa ma ya ishe ta gudu. Layukan fensir suka fito a karkace, kuma da ka gama sai da na ɗaga ka. Bayan 'yan kwanaki ka kira ni a waya kana haki, ka ce farar ɗamara ta fito a jikin ƙwan, alamar akwai rai a ciki. Ka ce sukan yi kuka daga cikin ɓawo idan sun kusa fitowa, don uwar ta zo ta tone su, kuma wannan kukan kake so ka ji kafin ka tafi. Ba ka roƙi komai bayan wannan ba.

Farkon Nuwamba, gab da shigowar daminarmu, aka ɗauke ka zuwa Darwin. Gari ya yi tsananin zafi, hadari na haɗuwa yana watsewa, mangwaro na zuba a titi. Nas-nas suna zuwa lokaci-lokaci su juya ka a gado don kada bayanka ya yi gyambo, kai kuma ka tsani hakan. Ka ce wa wata daga cikinsu, "'Yata, nemo fensir ki ja mini layi a goshi, ki gaya wa sauran wannan ba a juya shi." Ta yi dariya ta juya ka duk da haka. Kullum tambayarka ɗaya ce, ko ƙwan sun yi magana. Kullum amsa ɗaya, ba su yi ba.

Ranar Litinin 'yarka Marina ta kira ni, ta ce, Kawu, likita ya ce kwanaki ne, kuma ba zai koma Katherine ba. Na ce to idan shi ba zai je ba, su za su zo. Masu gidan namun dajin suka amince, tunda ƙwan sun ƙosa. Da asubar Talata muka jera su a cikin kular da muke sa kifi, a kan yashi mai laima, kowane layi yana kallon sama, na ɗaura wa kular bel a kujerar gaba.

Hanyar nan na san ta kamar tafin hannuna, kuma kowa ya san ba na tafiya a hankali. Ranar nan kamar mai rakiyar amarya na yi ta. Na kashe sanyin mota don kada ya taɓa su, gumi ya jiƙa ni har wando. Kowane rami sai na kauce, kowace gada sai na rage. Dogayen tireloli suna danna mini oda suna wucewa. Ɗaya daga ciki tawa ce, da sunana a jikinta, direban ya zuro hannu ta taga ya yi mini alamar da ba zan rubuta ba, sannan ya gane motata ce. Yana nan a bakin aikinsa, ban ce masa komai ba.

A ƙofar ɗakinka babbar nas ta tare ni ta ce ba a shigo da dabbobi. Na ce ƙwai ne. Ta ɗaga murfin, ta ga layukan fensir, ta dube ni, ashe 'yar bakin kogin Daly ce, ta san abin da take gani. Ta mayar da murfin a hankali ta ce ba ta ga dokar da ta hana ƙwai ba.

Na ajiye kular a gefen gadonka. Ka rame har hancinka ya yi tsini. Ka dubi ƙwan ɗaya bayan ɗaya, sannan ka dube ni.

"Ka juya su?"

"Ban juya ba, Yaya."

"Kai da ba ka iya ganin abu ka ƙyale."

"Na ce ban juya ba. Duba layinka mana, ga shi nan a karkace yadda ka ja shi."

Muka yi shiru muna saurare, ni da Irini da Marina. Babu komai sai hucin na'urar da ke ba ka iska. Na ce a raina ko zafin hanya ya kashe su, ko wani rami da ban gani ba. Ka ce a matso da kular. Ka sa farce kana kankare gefenta a hankali, ƙarat, ƙarat, yadda uwa ke tonon yashi, kana wani gurnani a maƙogwaro wanda tari ke katsewa. Ka huta, ka sake. Irini ta ce ka bari haka nan, kana wahalar da kanka. Ka ɗaga mata yatsa.

Sai muka ji shi. Ɗan kuka ne siriri, kamar ɗan kwikwiyo yana mafarki a bayan ƙofa. Ɗaya ne kawai, daga ƙwan da ke kusurwa. Ya yi, ya tsaya, ya ƙara. Ka rufe ido, hawaye ya gangara ya shiga kunnenka, bakinka yana murmushi. Can ka buɗe ido ka ce sanyin ɗakin nan zai yi musu illa, in kwashe su in mayar gida yanzu. Na ce zan kwana, gobe na tafi. Ka ce, "Ɗan'auta, sau ɗaya a rayuwarka yi abin da aka ce maka." Na ɗauki kular. A bakin ƙofa na waiwaya, ka ɗaga mini yatsu biyu daga kan bargo. Ganina da kai na ƙarshe ke nan.

Na wuce garin Adelaide River kaɗan, rana ta yi ja, waya ta yi ƙara. Na sauka gefen titi. Irini ce. Muryarta a tsaye take, ta ce, "Manoli, ya tafi." Na ce ga ni nan juyowa, yanzu za ta gan ni. Ta ce, "Kada ka juya. Ka kai su gida."

Na daɗe a gefen titin nan, hannuna a kan murfin kula. A rayuwata ban taɓa barin wani ya gaya mini inda zan dosa ba, kuma duk jikina baya yake so. Amma daga ƙarƙashin hannuna kukan ya sake tasowa, yanzu ba ɗaya ba, biyu ne ko uku suna amsa wa juna. Na tayar da mota na miƙe kudu, a hankali, yadda na zo. Kafin in kai garin Pine Creek ruwan farko na bana ya sauko.

Cikin makon nan suka fito, in ban da biyu. Kowane tsawon tafin hannu, baki kamar tsinken sakace, kuma tun ranar farko ɗaya ya kama yatsana ya ƙi saki. Marina ta ce wannan halin kawunta ya ɗauko. Masu gidan sun ce tafkin yana nan, ni kuma na riga na tura yarana sun sabunta shingen kwanon kafin damina ta zauna. Dulcie na kwance a kan yashinta, baƙi na wuce ta suna neman babban. Ba ta san ka tafi ba, ko kuwa ta sani, wa zai iya karanta fuskarta in ba kai ba.

Ranar jana'iza, kafin a ɗauki akwatinka daga coci, Irini ta buɗe jakarta ta miƙo mini guntun fensirin hularka. Na je na ja ɗan layi a kan murfin, daidai goshinka. Mai shirya gawa ya ɗauka datti ne, ya zaro hankici zai goge, Marina ta riƙe hannunsa. Haka muka ɗauke ka, haka muka saukar da kai, layin yana kallon sama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga yayata Irini, wadda ta binne ɗa yanzu kuma ta binne miji. Irini, ba zan yanki tikitin kowa ba wannan karon, kujerata tana nan kusa da taki a baranda. Ina yi wa Marina da mijinta da 'ya'yansu ta'aziyya, da dangin Hanrahan na Katherine da na jihar Queensland, da abokan aikinsa, da duk wanda ya taɓa tsayawa da shi a bakin tafki har askirim ya narke a hannunsa. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Allah ya jiƙanka, Yaya Clarrie. Ya yafe maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka, ya sada ka da Theo. Ya saka maka da alherin da ka yi wa mutane da dabbobin da ba su da mai tsaya musu. Kuma Allah ya sa waɗanda suka tarbe ka can sun ga layin, su ɗauke ka yadda suka same ka.

Manolis Kazanis
Katherine